Mace tagari wa zai samu? To, in ta gaji fa?

Maman Ladi:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Na daɗe a wannan zaure ina karatu kawai, ban taɓa rubuta abin da ya wuce "amin" ba. Yau dai zan yi magana, ku gafarce ni in na yi tsawo.

Jiya Lahadi muka rufe makon Zumuntar Mata a majami'armu. Mun sa anko, an buga tulu, mun kai baiko gaba da rawa. Mai wa'azi ta ɗauko Karin Magana 31 daga aya 10, ta bi ta ɗaya bayan ɗaya: mace tagari tana tashi tun da sauran dare, fitilarta ba ta mutuwa, ba ta cin abincin ƙyuya, mijinta sananne ne a ƙofar gari. Kowa na cewa amin. Ni kuwa ina benci na uku hawaye na zuba mini. Ta kusa da ni ta riƙe hannuna tana zaton wa'azin ne ya ratsa ni. Gajiya ce kawai.

Ƙarfe 4 nake tashi. Waken suya na jiƙe tun dare, in kai niƙa, in tace, in dafa awara, in bar wa mai tayani sayarwa. In shirya yara huɗu, in wuce firamaren da nake koyarwa. Uwar mijina tana kwance a ɗakina shekara biyu ke nan, shanyewar ɓarin jiki, ni ke mata wanka, ni ke juya ta, ni ke wanke shimfiɗarta. Maigida tun da aikinsa ya tsaya ya zama wani iri. Ba ya dukana, kada a ɗauka haka, amma magana ba ta haɗa mu, in ya buɗe baki to laifi ya gani.

Duk abin da aka lissafa jiya ina yin sa daidai iyawata. Amma aya 25 ta ce ƙarfi da mutunci su ne suturarta, ba ta fargabar gobe. Ni in na tuna gobe gabana faɗuwa yake. In na durƙusa addu'a barci ke kwashe ni kafin in kai "amin". Bangaskiyata ce ta yi sanyi? Ku da kuka riga mu a wannan hanya, daga ina kuke samo ƙarfin?

Alheri:
Wayyo Anti, sannu. Ina karantawa ina ganin mahaifiyata. Ubangiji ya dube ki.

Mama Saratu:
'Yata, sannu da ɗawainiya. Shekarata 41 da aure, yawancinsu a ƙauyukan da ake tura maigida aikin bishara, inda abin da mai bishara ke samu dammunan dawa ne in an yi girbi. Na san tashin asuba, na san kwana da yunwa a bar wa yara. Abin da aka gaya mini ranar da aka kai ni ɗaki shi zan gaya miki: haƙuri. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romo. Abin da kike yi wa uwar mijinki shi Rut ta yi wa Na'omi, kin kuwa san inda Allah ya kai Rut. Kada ki ba Shaiɗan ƙofar gunaguni. Maganar gida kuma a riƙa rage fitar da ita. Zan sa ki cikin addu'a.

Alheri:
Mama, ku gafarce ni, ba rashin kunya zan yi muku ba. Haƙurin nan aka yi ta ba mahaifiyata har hawan jini ya ɗauke ta tana da shekara 52. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce, ai marigayiya mai haƙuri ce. Ni da na girma a ɗakinta na san abin da ke cikin shirun nan nata: tsoro, da rashin wanda za ta faɗa wa. Anti ta kawo maganarta nan ne don ba ta da inda za ta kai ta. Don Allah kada mu mayar da ita da kayanta a ka.

Malama Rifkatu:
Maman Ladi, ƙanwata, sannu. Tsohon Alkawari nake koyarwa a makarantar Littafi Mai Tsarki, kuma duk shekara in makon mata ya zagayo sai raina ya ɓaci kan yadda muke amfani da wannan sura. Bari in ɗan zauna a kanta.

Ki buɗe aya ta 1. Surar ta fara da cewa maganar sarki Lemuwel ce, wadda uwarsa ta koya masa. Wato wanda aka fara zaunarwa aka yi wa wannan karatu ɗa namiji ne. Amma mu sai ranar mata muke ciro ta, maza na zaune suna gyaɗa kai suna auna matansu.

Daga aya 10 zuwa 31 waƙa ce. Ayoyi 22 ne, haruffan Ibrananci ma 22 ne, kowace aya ta fara da harafi ɗaya bi da bi tun daga na farko har na ƙarshe. Kirari ne ake yi wa mace, an bi baƙaƙe duka don a nuna yabon ya cika. Wa ya taɓa jin kirarin sarki ya ce ga jadawalin aikinsa na ranar Litinin? Matar nan ta sayi gona, ta dasa inabi, ta yi kaɗi da saƙa, ta yi ciniki da fatake, 'ya'yanta sun girma har sun tashi suna sa mata albarka. Aikin rayuwa guda ne aka tattara, tun daga amarci har furfura. Kuma ki duba aya 15 da kyau: da ta tashi da sauran dare, tana da 'yan mata masu aiki da take raba wa aiki. Ke wa kike raba wa? Har yau a gidajen Yahudawa da yawa, ranar Juma'a da dare in Asabaci ya shiga, akan rera wannan waƙa a gaban abinci don girmama uwargida. Aya ta ƙarshe kuwa umarni ce, kuma ba ita aka umarta ba: ku ba ta amfanin hannuwanta, a yabe ta a ƙofar gari.

Abin da ya fi daɗa mini shi ne kalmar da muka juya "tagari" ko "ta kirki". A Ibrananci hayil ce. Ita ce kalmar da mala'ika ya kira Gidiyon da ita a Mahukunta 6:12 sa'ad da ya ce masa jarumi. Kalmar mayaƙa ce. Mace jaruma, haka waƙar ta fara.

Mama Saratu ta ambaci Rut, na ji daɗi. Mace guda da Littafi ya kira da wannan suna kai tsaye ita ce Rut, Bo'aza ya faɗa mata a Rut 3:11. A daren da ya faɗa, Rut gwauruwa ce, baƙuwa ce daga Mowab, ba ɗa, ba gona, ba 'yar aiki, ba mijin da ake gani a ƙofar gari. Kala take yi a bayan masu girbin sha'ir don ita da surukarta su ci. Ko abu ɗaya na dukiyar matar Karin Magana ba ta da shi, amma duk Baitalami ta san jaruma ce. Ke da kike juya uwar mijinki da dare, kin fi kusa da Rut fiye da yadda kike zato. Na'omi kuma da suka iso gari ba ta rufe komai ba, a gaban matan gari ta ce kada a ƙara kiranta Na'omi, a kira ta Mara, don ta sha ɗaci. Ba a rubuta cewa Allah ya tsauta mata ba.

Dattijo Bulus:
Malama, na ƙaru, ban taɓa sanin zancen haruffan nan ba. Amma ina da damuwa, zan faɗa a matsayina na dattijon ikkilisiya da ya zauna sulhun aure ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. In muka cika kunnen mata da jaruma, jaruma, ina muka bar Afisawa 5:22, mata su yi biyayya ga mazajensu? Ina muka bar 1 Bitrus 3, inda aka ce adon mace ruhu ne mai tawali'u da natsuwa, har miji marar ji ya rinjayu ba tare da magana ba? Hajaratu ta gudu daga wahala, mala'ika ya same ta a bakin rijiya ya ce ta koma ta yi biyayya. Kuma ku tuna da mutumin nan. Namijin da aiki ya kuɓuce masa, yana ganin matarsa ke ciyar da shi da uwarsa, ciwo ne yake ɗauke da shi wanda ba zai iya faɗa ba. Wannan shirun nasa kunya ce. Yanzu ne ya fi bukatar girmamawa.

Alheri:
Baba, shi kunya ta hana shi magana, amma ba ta hana shi ganin laifi ba?

Malama Rifkatu:
Baba, maganarku kan kunyar maigidan gaskiya ce, na kuwa yarda Maman Ladi ta riƙe ta, za ta taimake ta wajen zaɓen kalmomi. Ban kuma goge Afisawa 5:22 daga Littafina ba. Sai dai a fara karatun daga aya 21, inda aka ce mu yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu, a kuma kai shi aya 25, inda aka ce miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da ransa. Wanda aka ce ya ba da rai, ɗaga tsohuwar da ta haife shi a kai ta wanka ai ƙaramin abu ne.

Tawali'un 1 Bitrus 3:4, kalmar da Yesu ya siffanta kansa da ita ce a Matiyu 11:29. Yesu mai tawali'u ne, shi ne kuma ya kifar da teburan 'yan canji a Haikali, ya tambayi wanda ya mare shi dalilin marin. Bitrus ɗin nan a aya 6 ya ce mu 'ya'yan Saratu ne in muna aikata nagarta ba tare da barin wani abu ya razana mu ba. Macen da tsoro ya rufe wa baki ba ta kai ga wannan ayar ba tukuna, komai shirunta. A aya 7 kuma ya juya kan maza, ya ce wanda bai girmama matarsa ba addu'arsa za ta toshe.

Ku duba Abigel a 1 Sama'ila 25. Mijinta Nabal mai tumaki 3,000 da awaki 1,000 ya wulaƙanta manzannin Dawuda, Dawuda ya taso da mutum 400 riƙe da takuba. Abigel ba ta ce ni mace ce, bari in yi haƙuri in ga abin da Allah zai yi ba. Ta ɗaura wa jakuna malmalar gurasa 200, tumaki 5 gyararru, soyayyen hatsi, zabibi, ɓaure, ta tare shi a hanya, kuma Littafi ya faɗa a fili cewa ba ta gaya wa mijinta ba. Ta ceci duk mazan gidan. Dawuda ya ce Ubangiji ne ya aiko ta. Da ta dawo ta tarar da mijin a buge, sai ta jira gari ya waye, giya ta sake shi, sa'an nan ta faɗa masa komai. Ga hikima, ga ladabi, ga gaskiya, ba wadda ta kori wata. Safiratu kuwa a Ayyukan Manzanni 5 ta bi bakin mijinta sau da ƙafa, aka fitar da gawarta a bayan tasa.

Hajaratu an ce ta koma, haka ne, amma da alkawari a hannunta, kuma ita ce ta raɗa wa Ubangiji suna, Allah mai ganina. A Farawa 21 da ta sake barin gidan, Allah bai mayar da ita ba. Ya buɗe idonta ta ga rijiya.

Dattijo Bulus:
Na ji, 'yata. Ban janye cewa gida yana bukatar kai ba, kuma na ga gidajen da suka watse don kowa ya ce shi ma jarumi ne. Amma zancen ɗaga tsohuwa, wannan kam ba ni da ta cewa. Uwarsa ce.

Kande Nas:
Ni ba malamar Littafi ba ce, aikin jinya nake, shekara 16. Maman Ladi, awa nawa kike barci? In lissafina daidai ne bai wuce huɗu ba, shi ma a yanyanke. Barcin da ke kwashe ki a kan gwiwa jikinki ne ke karɓar bashinsa. Mai shanyewar jiki da ba ya iya motsi ana so a riƙa juya shi kusan duk bayan awa biyu don gudun gyambon kwanciya. A asibiti ma mu da aka horar, karɓa-karɓa muke yi. Ke kaɗai kike yi shekara biyu, ga makaranta, ga awara.

Don Allah cikin makon nan ki je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna miki jini. Faɗuwar gaba, kuka ba dalili, ciwon kai, kada ki raina su. In abin ya kai ga kin daina jin daɗin komai, ko tunanin gara a ce ba kya raye ya fara zo miki, ki faɗa wa ma'aikacin lafiya a fili, ciwo ne mai magani.

Abu ɗaya na Littafi da na riƙe a aikina shi ne Iliya a 1 Sarakuna 19. Annabi ne da wuta ta sauko daga sama da addu'arsa, amma ya kwanta a gindin itace ya ce Ubangiji ya ɗauki ransa, ya isa haka. Mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi ya ba shi waina da butar ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya ci, ya ce tafiyar ta fi ƙarfinka. Sai bayan nan aka yi magana.

Ina 'yan'uwan mijin naki mata? Tsohuwa ba shi kaɗai ta haifa ba, ko?

Maman Ladi:
Yaya Kande, suna nan su biyu, ɗaya a gari ɗaya muke. Takan zo ranar Lahadi da lemo a leda ta gaishe ta. Ban taɓa ce mata ta taya ni ba, kada a ce na gaji da uwar mijina.

Maman Tagwaye:
Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Bari dai in tura.

Ni 'yar Michika ce. A watan Satumba na 2014 da 'yan Boko Haram suka shigo garinmu, mun fita da kayan jikinmu kawai. Maigidana ya ce mu yi gaba zai biyo mu. Bai biyo mu ba, har yau ban ga kabarinsa ba. Na hau dutse da tagwaye 'yan wata tara, ɗaya a baya ɗaya a gaba, babban yana riƙe da zanina. Daga baya muka gangaro har Yola, muka zauna a harabar wata majami'a da mutanen da ba na iya ƙirgawa. Wata mai zuwa muka ji Mubi ma ta faɗi, har hedkwatar ikkilisiyarmu ta EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a Kwarhi an shiga. Sai na ga kamar ba abin da ya rage a tsaye.

Ƙanwata, ni da nake jagorar waƙa a Zumunta, na yi wata biyar ban yi addu'a ba. Ba fushi nake da Allah ba, ko fushin ma ban da ƙarfinsa. In na buɗe baki ba abin da ke fitowa. Kowace yamma matan Zumunta sukan shimfiɗa tabarma su yi waƙa su yi addu'a. Wata tsohuwa, ba ma yarenmu ɗaya ba, takan zo ta ɗauki tagwaye ɗaya ta ce, taso ki zauna kusa da mu, ba sai kin ce komai ba. Haka nake zama kamar kututture. Rannan na ce mata, Mama, ni fa ba na addu'a. Ta ce ta sani, ai shi ya sa suke yi da sunana. Ta tuna mini da shanyayyen nan na Markus 2 da mutum huɗu suka ɗauko, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu. Ta ce in je in duba, bangaskiyar wa aka ce Yesu ya gani. Na duba. Tasu ce, ta masu ɗaukar.

Kin tambaya daga ina ake samo ƙarfi. Ni dai ban tono shi daga cikina ba, don na leƙa cikin ba komai. Zuba mini aka yi, kaɗan kaɗan, ta hannun matan nan, ta Zabura 13 da wata ke karanta mini, har yaushe ya Ubangiji, har yaushe. Ashe an yarda mutum ya tambayi Allah haka, har an rubuta an ajiye mana. Bulus ya yi wa Afisawa addu'a a 3:16 cewa a ƙarfafa su a cikin zuciya ta wurin Ruhu. A ƙarfafa su, ya ce. Wani ne ke yin aikin. Rannan ina wanke wa yara kaya sai na ji bakina yana waƙa, ban san lokacin da na fara ba.

Da muka koma gida kuma sai ga wata jarabawar. Dangin maigida suka ce gonar ta koma hannunsu tunda yara ƙanana ne. Da a da ne sai in yi kuka in bar wa Allah. Amma na riga na san labarin 'ya'yan Zelofehad mata su biyar a Littafin Ƙidaya 27, da suka tsaya gaban Musa da dukan taro suka nemi gādon ubansu, Ubangiji ya ce abin da suka faɗa daidai ne. Na je wurin dattawan ikkilisiya, gwiwata na rawa, na yi magana da ladabi, ban zagi kowa ba, ban kuma janye ba. Sau uku aka zauna. Gonar da nake nomawa ke nan yau, da ita tagwaye ke makaranta.

Ki bari a ɗauke ki. Matan da kuka sa anko tare jiya, ba don rawa kaɗai aka haɗa ku ba.

Ɗan'uwa Ayuba:
Ni namiji ne, na shigo in karanta kawai, amma na kasa wucewa. Shekara 12 da aurena, aya 28 da 29 inda miji ke yabon matarsa da bakinsa ban taɓa lura da su ba, alhali aya 15 na haddace ta. Yau zan gyara.

Alheri:
Maman Tagwaye, kin sa ni kuka a wurin aiki. Ina ma mahaifiyata ta sami irin tsohuwar nan.

Abin da ke ci mini rai shi ne sai an yi gawa muke farkawa. Da mawaƙiyar nan Osinachi Nwachukwu ta rasu a Abuja a watan Afrilu na 2022, 'yan'uwanta da abokan aikinta suka fito suna cewa ta daɗe tana shan azaba tana rufawa, kowane mimbari ya ɗauki zancen. Bayan 'yan watanni muka koma gidan jiya. Na san na Anti bai kai can ba, amma "rufa asirin gidanki" ɗin nan iri ɗaya ne ake ba kowa, da mai gajiya da mai karyayyen haƙarƙari.

Mama Saratu:
Na karanta duka, sai da na sa jikata ta ƙara mini girman rubutun. Alheri, 'yata, ban ji haushinki ba. Allah ya ji ƙan mu da muka rage, ya ta'azantar da ke.

Akwai abin da na daɗe ban faɗa wa kowa ba sai Ubangiji. A wani ƙauye da muka yi aiki, wata yarinya ta zo mini da dare, goyo a baya, leɓenta a fashe. Na wanke mata, na ba ta tuwo, na karanta mata 1 Bitrus 3, gari na wayewa na raka ta har ƙofar gidan mijin. Ban kira dattawa ba, ban sa maigida ya je ya same shi ba, don kada a ce matar mai bishara tana kashe aure. Bayan wata biyu ya karya mata hannu, hannun bai ƙara miƙewa daidai ba. Duk ranar Jibin Ubangiji in ta miƙo wannan hannun ta karɓi gurasa, sai in sunkuyar da kai. Na roƙe ta gafara kafin mu bar garin, ta yafe mini, amma ban manta ba.

Ban daina gaskata haƙuri ba. Shi ya riƙe ni, kuma 'ya'yan Ruhu ne, yana cikin Galatiyawa 5. Amma da na zauna yau na tuna, a shekarun nan da nake cewa haƙuri ne ya riƙe ni, ai ban taɓa zama ni kaɗai ba. Matan ƙauye ke ɗebo mini ruwa in na haihu, su ke mini daka, akwai wata dattijuwa da nake zuwa ɗakinta in yi kuka in fito. Na ba ki rabin maganin na manta da rabi. Maman Ladi, 'yata, cewa da na yi ki rage fitar da magana, na janye. Ki je wurin shugabar Zumuntarku ki faɗa mata yadda kika faɗa mana. A Ayyukan Manzanni 6 da aka yi ƙorafi ana manta wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce a yi shiru ba, mutum bakwai suka sa a zaɓa don aikin.

Dattijo Bulus:
Mama, kun yi ƙarfin hali. Mu ma a kujerar dattawa akwai irin waɗannan da ke wuyanmu. Maman Ladi, in akwai dattijon da maigidanki ke jin nauyinsa, a sa shi ya ziyarce shi, ba da sunan ƙara ba, zumunci kawai. Namiji a irin halin nan yakan buɗe wa namiji.

Maman Ladi:
Salama. Kwana tara ke nan, na ga ya kamata in dawo in gaya muku inda aka kwana.

Yaya Kande, na je an auna. Ya hau, sun ce in dawo a sake aunawa, na koma, yanzu an ɗora ni a kan magani. Nas ɗin ta yi mini faɗa kamar ke kika aiko ta.

Na je wurin shugabar Zumunta. Tun daga gida nake shirya yadda zan faɗa, da na zauna sai kuka ya riga ni. Ta ce ita duk zatonta ina lafiya, don kullum ni ke fara zuwa share majami'a. Yanzu mata uku ke zuwa karɓa-karɓa, Talata da Juma'a, su yi wa Mama wanka su wanke shimfiɗa. Ranar farko na rasa inda zan sa kaina, na yi ta bin su ina cewa ku bari in yi. Ɗayarsu ta tura ni ɗaki ta ja ƙofa. Na yi barcin awa uku da rana tsaka.

Ƙanwar maigida na kira ta, na ce ina bukatarta ranar Asabar. Ta yi shiru, ta ce za ta duba. Ba ta zo ba. Zan sake kira.

Maigida kuwa, na bi shawarar Abigel, na jira safiyar da ya ci abinci hankalinsa a kwance. Na ce masa na san abin da yake ɗauke da shi ba ƙarami ba ne, ban kuma taɓa raina shi don aiki ya tsaya ba, amma bayana ya fara ciwo, ba na iya ɗaga Mama ni kaɗai, ina roƙonsa ya riƙa kama mini. Bai ce uffan ba, ya sa takalmi ya fita. Na ce shi ke nan, na ɓata. Ranar Alhamis da asuba ina tace awara sai na ji motsi a ɗaki. Na leƙa, na gan shi ya tallafo ta yana gyara mata matashi, tana kallonsa tana ƙoƙarin kiran sunansa. Na koma bakin murhu ban bari ya gan ni ba. Har yanzu magana ba ta dawo sosai tsakaninmu ba, jiya ma ya yi faɗa kan gishirin miya. Amma tun ranar shi ke juya ta da asuba.

Addu'a kuma na daina jira sai dare. Ina yi a hanyar makaranta, a tafe, gajeruwa. Ina karanta labarin Hannatu a 1 Sama'ila 1, na tsaya a aya 18 na kasa wucewa: bayan ta zuba wa Ubangiji zuciyarta a Shilo, har Eli ya zaci a buge take, ta tashi ta ci abinci, fuskarta ta sake. A lokacin ba ta da ciki, Feninna kishiyarta kuma tana nan yadda take. Ni ma ba abin da ya kau tukuna, albashin watan jiya ma bai shigo ba. Amma shekaranjiya na tuna da gobe, gabana bai faɗi ba.

Yaya Kande, tambaya ɗaya. Na ga wani wuri a ƙugun Mama ya yi ja, bai fashe ba. Me zan yi masa?

Kande Nas:
Kada ki murza wurin, kada kuma a kwantar da ita a kansa. A juya ta ɗaya gefen, a tokare bayanta da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyinta, shimfiɗa ta zama a bushe ba ƙudundune ba. Ki danna wurin da yatsa a hankali, in jan bai washe ba, ko kika ga fata ta fara salewa, a kai ta a duba gobe gobe. Ki nuna wa maigidan yadda ake sa matashin, tunda shi ke aikin asuba yanzu.